Gidan Da Aka Hana Sannu

Ranar da Robert ya hana faɗin "sannu" a gidan ubansa ina tsakar gida ina saƙa rigar sanyi, saboda haka ba labari aka ba ni ba, da kunnena na ji. Mahaifiyarsa, Mama Hosana, tana zaune a bakin ƙofarta, ta miƙe ƙafar hagu a kan 'yar kujera. Na ɗaga kai na ce, "Sannu Mama, ya ƙafar?" Iyakar laifina ke nan.

Robert ya dire bokitin abincin kaji. "Anti Keziya, don Allah daga yau kar a sake faɗin kalmar nan a gidan nan."

"Wace kalma?"

"Sannu. Da su ya jiki, ya ƙafa, duka. Dadi ya buɗe mana ido. Duk wanda ya ce wa mutum sannu, ya haɗa baki ke nan da Shaiɗan cewa akwai ciwo. Mama ba ta da ciwo. An riga an warkar da ita tun a kan gicciye, a rubuce yake."

Na dubi ƙafar da aka riga aka warkar. Bandejin da ke kanta ya jiƙe.

Dadin nan ba uban Robert ba ne. Ubansa ya daɗe a kabari, shi ne ya gina gidan nan na Nasarawa Gwom, ya bar ɗakin haya guda wanda nake ciki. Dadi shi ne mai sabon cocin da aka buɗe a wani tsohon siton siminti, mai suna Majami'ar Nasara Ba Jinkiri. A haihuwa Robert ya girme shi, amma ko a waya ya kira sai ka ga Robert ya ɗan rusuna. Mu kuwa 'yan tsohuwar majami'a, inda aka yi wa Robert baftisma aka ɗaura masa aure, yanzu sunanmu masu addinin sanyi.

Ciwon da farko ba wani abin tashin hankali ba ne. Mama tana da ciwon suga, ya kashe mata jin tafin ƙafa. Cikin sanyin damina ta matsa kusa da kaskon gawayi tana jin ɗumi, ƙafar ta ƙone ba ta sani ba, sai da ta ga bororo. Anene mai kyamis na bakin layi yana zuwa yana wanke mata, tana shan ƙwayoyinta safe da yamma, wurin har ya fara kamewa. Da an bar tsohuwa da Anene da audugarsa, da ban sami abin rubutawa ba.

Ran Lahadi da safe Robert ya shiga ɗakinta da leda, ya share duk magungunan da ke kan tebur.

"Robert, ina za ka da su?" in ji Mama. "Likita ya ce kar in tsallake."

"Likita ya fi Yesu ne, Mama?"

"Ban ce ba. Ai da addu'a nake haɗiyarsu. Wanda ya ba likita hankali, shi nake gode wa."

"Ba a bauta wa iyayengiji biyu."

A ranar na san ashe ƙwayar magani ma ubangiji ce. Ya dawo da yamma fuskarsa tana sheƙi. Wai a gaban jama'a ya juye ledar cikin kwandon da ke kan bagade, coci ya ɗauki tafi, Dadi ya dafa kansa ya kira shi mai bangaskiya irin ta Ibrahim. Sadaukarwa ce mai sauƙi, tunda ba shi ke shan maganin ba. A madadinsu ya kawo kwalbar man zaitun da hankici mai hoton Dadi. Aka kwance bandeji, aka tsiyaya mai a kan gyambon, aka ɗaure da fuskar Dadi tana kallon rufin ɗaki.

Washegari Anene ya zo da 'yar jakarsa. Robert ya tare shi a ƙofar gida.

"Oga Robert, Mama bai aiko ba, shi ne na ce bari in zo. Irin wannan ciwo ba ya son wasa fa."

"Mun canja likita."

"Wane asibiti?"

Robert ya nuna sama da yatsa. Anene ya ɗaga kai, bai ga komai ba sai hadari, ya juya ya koma shagonsa.

Dokar ta zo da wahalarta, domin bakin da ya tashi da Hausa ba ya iya yini bai ce sannu ba. Nanret matar Robert, yarinya mai sanyin hali, ta tarbi mijinta da "sannu da zuwa", ta sha faɗa. Da gidan ya zama kamar na kurame, sai Robert ya buga wa Dadi waya, aka sassauta. Sannu da zuwa halal ce, sannu da aiki ma haka, sannu da ciwo ce kaɗai ta Shaiɗan. Wanda ya ga Mama sai ya ce "barka da warkewa". Ni dai na ce ba zan iya ba. Idan na wuce ƙofarta sai in yi tari, ita ma ta yi tari, mun gaisa ke nan.

A bayan gidan Robert yana kiwon kajin turawa. Su kam ba a taɓa canja musu likita ba. Kaza ɗaya ta yi la'asar, ta sauke fiffike, kafin azahar likitan dabbobi ya iso a kan babur. A auna magani a zuba a ruwan sha, a ɗiga rigakafi a ido, a wanke keji da ruwan kashe cuta. Wata rana na kasa haƙuri.

"Robert, kajin nan ba a warkar da su a kan gicciye ba ne?"

"Anti, kaza ba ta da bangaskiya. Mama tana da ita."

"To ashe kaza ta fi sa'a."

Bai yi dariya ba. Ya ce irin maganganun nan su ke hana albarka sauka a gida.

Abin da Robert yake so ƙarami ne, in ji shi. Kalma biyu kawai. Kowace safiya, kafin ya shiga wurin kaji, sai ya tsaya a kan Mama da wayarsa a hannu tana ɗaukar hoto, domin Dadi yana son shaidar da za a nuna a allon coci.

"Mama, ce na warke."

"Da sauƙi."

"Ba da sauƙi ba. Da sauƙi na nufin da saura. Ce na warke."

"Robert, da sauƙi gaisuwa ce, kowa ya san ta, ba wanda na ruɗa da ita. Amma in dubi wayar nan in ce wa jama'ar Allah na warke, alhali ƙafata tana zubar da ruwa, wannan shaidar zur ce. Ban yi ta da ƙuruciya ba, ba zan fara da furfura ba."

"An rubuta rarrauna ya ce ni mai ƙarfi ne!"

"Na gaskata Allah yana iya warkar da ni yau ɗin nan. In bai yi ba, na gaskata zai tashe ni ran ƙarshe da ƙafa lafiyayya. Amma yanzu ba ni da lafiya, ɗana. Shi kansa Ubangiji ya ce ya yi rashin lafiya muka je muka duba shi. Bai ji kunyar kalmar ba."

Robert ya kashe waya ya girgiza kai irin na wanda aka zalunta. Daga ranar ya sami bayanin komai. In ƙafa ta kumbura, bakin Mama ne. In zazzaɓi ya zo, bakin Mama ne. Mutuwa da rai suna kan harshe, in ji shi, ita ce ta riƙe ciwon da haƙoranta ta ƙi saki. Mai ba shi da laifi, hankici ba shi da laifi, Dadi kuwa ba a ma kawo sunansa cikin maganar laifi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wace ce aka hana wa sannu. Duk unguwar nan babu wanda ya kwanta ciwo Mama Hosana ba ta je ta zauna a bakin gadonsa ba. Ita ce jagorar duba marasa lafiya a Zumuntar Mata ta majami'armu tun ina budurwa. Da ƙafar nan ta hagu ta taka har Naraguta, ta taka Anguwan Rogo a lokacin da mutane ke tsoron tsallaka titi zuwa unguwar da ba tasu ba. Ba ta da abin kai wa kowa sai kunu a fulas da kalmar nan guda. Ta raba ta shekara da shekaru, da lokacin karɓarta ya zo aka ce ta haramta.

Murjanatu, wata tela daga Anguwan Rogo da Mama ta yi jinyar uwarta, ta ji labari ta zo da kunun gyaɗa. Daga ƙofa ta ɗaga murya, "Sannu Mama! Ya jikin?" Robert ya fito da ladabinsa ya ce an gode, amma Mama tana cikin wani shiri na ruhaniya, ba a shiga. Ya karɓi kunun. Shi ya shanye, na gani.

'Yan Zumunta suka zo da yawansu cikin zanensu iri ɗaya. Su bai iya hana su shiga ba, sai ya tsayar da su a zaure ya karanta musu doka. Suka ce to. Suna shiga ta farko ta ce sannu, ta biyu ta ce sannu, ta uku ta tuna ta ce, "Barka da warkewa, sannu." Mama ta rufe ƙafar da zane, ta yi musu murmushi, ta ce da sauƙi. Suka yi waƙa, suka yi addu'a, suka tafi da kwanciyar hankali. Ba laifinsu ba ne. A garin nan mai mutuwa ma da sauƙi yake cewa, sai dai mai tambaya ya duba da idonsa, kuma zane ya hana ido aikinsa.

Ni ce nake kwana bango ɗaya da ita, ni na san warin da ya fara fitowa. Na tafi wurin Rabaran Istifanus, limamin tsohuwar majami'armu, na faɗa masa komai. Ya zo da sandarsa da yamma, ya zauna kusa da gadonta.

"Mama Hosana, ya jiki?"

"Da sauƙi, Rabaran."

"Ka ji da kunnenka," in ji Robert daga bakin ƙofa. Kalmar da yake ƙi kowace safiya, yau ta yi masa rana.

Rabaran ya fito da shi tsakar gida. Bai ɗaga murya ba. Ya ce masa ayar nan da yake dogara da ita, cewa da raunukan Almasihu aka warkar da mu, in ya karanta abin da ke gabanta da bayanta, zai ga zunubinmu ake magana a kai, da komowarmu ga Makiyayi. Ya ce Allah yana warkarwa, mun gani, muna kuma roƙo, amma ba bawanmu ba ne da za mu ba shi umarni da baki. Ya ce cikin waɗanda suka rubuta bishara akwai likita, kuma manzon da ya warkar da mutane da yawa shi kansa ya roƙi a cire masa wata ƙaya a jiki aka ce masa alheri ya isa. Ya ce Mai Ceto a kan gicciye cewa ya yi yana jin ƙishi, bai ce ya ƙoshi da ruwa ba.

Robert ya saurara har ƙarshe, da murmushin tausayi. "Rabaran, harafi kisa yake yi, Ruhu ke rayarwa. Ku kuna da karatu, mu muna da wahayi. Tsohuwar salka ba ta riƙe sabon ruwan inabi."

"Ɗana, ƙafar mahaifiyarka muke magana."

"Ni ne kan gidan nan. Ni da gidana Ubangiji za mu bauta wa."

Na lura da wani abu game da Robert. Ba ya rasa aya. Duk ƙofar da ka bi sai ka tarar ya riga ka, ya tsinko rabin aya ya tokare ta da shi. Sauran rabin, wanda ke cewa ka girmama mahaifiyarka, ko wanda ke cewa wanda bai kula da nasa ba ya fi marar bi muni, waɗannan shafukan ina jin sun manne a nasa littafin.

Rabaran ya koma ɗaki ya tambaye ta kai tsaye, "Mama, in na kawo mota yanzu, za ki tafi asibiti?" Ta dubi ɗanta, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Bari mu ƙara gani, Rabaran."

Bayan sun watse na shiga na zauna, raina a ɓace. "Mama, me kike jira? Sai ƙafar ta cire da kanta?"

"Keziya, in aka fitar da ni a kan idon jama'a, me za a ce? Za a ce ɗan Hosana ya bar uwarsa ta ruɓe a ɗaki. Shi kaɗai gare ni. Ba mugu ba ne, ruɗe shi aka yi. Zai farga."

"Kafin ya farga fa?"

Ta ce in ɗan gyara mata matashi. Na gyara, na ce mata sannu a hankali, ta lumshe ido kamar na ba ta ruwan sanyi.

Da warin ya kai tsakar gida har masu sayen ƙwai suka fara toshe hanci, Dadi da kansa ya sauko. Ya zo cikin baƙar mota mai duhun gilashi, da farin kwat da tabarau. Tabarau na likita ne, na ga kaurinsa, ina jin idanu ba su shiga cikin yarjejeniyar gicciye ba. Robert ya durƙusa a kan siminti. Dadi ya taka har ƙofar ɗakin Mama, ya ja numfashi ɗaya, ya ja da baya. Daga nan bakin ƙofa ya yi aikinsa, da hankici a hanci, nasa hankicin marar hoto.

"Kun ji warin nan?" ya ce. "Ku yi murna! Aljanin ne yake fita. Wari shi ne alamar nasara."

"Amin!" in ji Robert.

"Amma akwai abu biyu da ke riƙe da ƙofa. Mama ta ƙi furtawa. Sannan akwai wani baki a gidan nan da ke shuka shakka." Ya juyo da tabaransa kaina. "An rubuta, maƙiyan mutum mutanen gidansa ne."

"Ni 'yar haya ce," na ce. "Ban kai matsayin mutanen gida ba."

Bai kula ni ba. Ya ba da umarni Mama ta shiga azumi, ba ci sai yamma, kuma kar kowa ya shiga wurinta sai masu bangaskiya. Tsohuwa mai ciwon suga, ba magani, yanzu kuma ba abinci. Ya shiga motarsa da tiren ƙwai da Robert ya sa masa a baya, ya tafi. Da yamma Robert ya ce mini in fara neman wani ɗakin, cikin ƙauna yake faɗa mini. Ya sa kwaɗo a ƙofar Mama, ya ba Nanret mabuɗi.

Daga nan sai ta bango nake jin ta. Da farko takan yi waƙoƙin Zumunta a hankali. Sannan waƙa ta koma nishi. Kowace safiya kuma ina jin muryar Robert, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da tsawa, wani lokaci har da kuka, domin in faɗi gaskiya yana son uwarsa, irin son da ya kusa kashe ta.

"Mama, don Allah, kalma biyu ce. Ki taimake ni. Ce na warke."

Sai in ji siririyar murya, "Ba ni da lafiya, Robert."

Nanret ce ke wanke gyambon tana sake hankici. Ba ta magana, amma ta rame, ta daina haɗa ido da ni. Wata safiya Robert ya tafi dutsen addu'a da maza 'yan cocinsu, wai za su yi yaƙin ƙarshe a kan ƙafar. Ko da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, Nanret ta buga ƙofata. Tana riƙe da mabuɗi.

"Anti, yatsun sun yi baƙi. Baƙin ya hau sama. Na gaishe ta, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta mutu. Anti, ya ce in na buɗe na yi wa kan gida tawaye, mace kuma biyayya aka ce ta yi. Amma ba zan iya ba."

"Kawo mabuɗin. In Allah ya tambaya ki ce ni ce."

Na buɗe. Ba zan kwatanta abin da na gani ba, ba don kunya ba, don har yau in na tuna abinci ba ya shiga. Fuskar Dadi da ke kan hankici ta narke cikin mugunya, sai tabarau ake iya ganewa. Na buga wa Rabaran, na buga wa shugabar Zumunta, na aika aka kira Isa mai keken haya mai ƙafa uku na bakin layi. Wannan karon ba wanda ya tambayi Mama ra'ayinta, ba ta ma san inda take ba. Muka naɗe ta a bargo muka ɗauko. Abin da take tsoro ya faru, duk layi ya fito kallo. Isa ya tuƙa a hankali yana kauce wa ramuka, duk ramin da ya kasa kauce wa sai ya waiwayo ya ce, "Sannu Mama." Ba wanda ya hana shi.

A asibiti likita ya ɗaga bargon, ya duba ƙafar. Sannan ya tambaya, "Me ya sa sai yanzu?"

Na ce, "Ana jiran ta furta ne."

Bai gane ba, ban kuma yi masa bayani ba. Aka sa mata ruwa da allurai har ta dawo hayyacinta. Likita ya faɗa mata gaskiya, in ana son ranta, ƙafar ba za ta zauna ba. Da an zo tun tana bororo, ko tun tana gyambo, da wani zance ne. Mama ta saurara, ta yi addu'a gajeriya, ta ce, "Ku cire." Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Robert ya sauko daga dutse ya tarar da ɗaki a buɗe. Ya buga mini waya yana huci. "Anti Keziya, kin san abin da kika yi? Saura ƙiris! Dadi ya gani a ruhu, ranar nan za ta tashi ta taka. Kun katse abin al'ajabi a bakin ƙofa!" Ran Lahadi kuma, in ji Nanret, Dadi ya yi wa'azi mai zafi a kan waɗanda suke zubar da warkarwarsu saboda gaggawa. Coci ya cika, kwandon magani ma ya cika.

Haka abin yake tafiya, kuma shi ya sa na zauna na rubuta. Koyarwar nan ba ta taɓa faɗuwa. In ka warke, Dadi ne. In ba ka warke ba, kai ne, ko bakinka, ko maƙwabciyarka mai saƙa. Mu a addininmu na sanyi an koya mana mu kai wa Allah gaskiyarmu yadda take, da kukanta da warinta, domin ya san ta tun kafin mu buɗe baki. Su kuma an koya musu Allah ba ya jure jin gaskiya, sai an lallaɓa shi da ƙarya kafin ya yi aiki. Ban san wane Allah ne wannan ba. Na dai san a unguwannin garin nan akwai ɗakuna da yawa masu kwaɗo, da tsofaffi a ciki ana koya musu kalma biyu, kuma ba kowane gida ne ke da Nanret ba.

Robert bai zo asibiti da wuri ba. Ya aiko cewa yana neman fuskar Allah. Mu muka yi jinya, 'yan Zumunta suna karɓa-karɓa, Anene yana leƙowa, Murjanatu ta kawo wani kunun, wannan karon ya isa hannun mai shi. Sannu kuwa Mama ta sha ta har ta ƙoshi, daga nas, daga masu shara, daga 'yan gadon kusa.

Ya zo wata ranar da yamma, lokacin ziyara, ɗakin cike da mutane. Ya rame, gemu ya fito masa. Yana riƙe da ledar lemon kwalba mai zaƙi, tsarabar mai ciwon suga. Ya tsaya a ƙarshen gadon, daidai inda bargo ya tashi a gefen dama ya kwanta shafe a gefen hagu. Ya kalli wurin. Na zuba ido in ga wace aya zai tsinko. Bai tsinko ko ɗaya ba. A ƙarshe muryarsa ta fito ƙarama, irin ta yaron da Mama ta goya.

"Sannu, Mama. Ya jiki?"

Mama ta daɗe tana kallonsa. Ban ga fushi a fuskarta ba, da na gani da ya fi mini sauƙi.

"Ina wayarka?" ta ce.

"Mama..."

"Fito da ita. Kunna."

Ya fito da ita, ya kunna. Mama ta kama bakin bargo ta yaye shi gefe, dungulmin ya bayyana cikin farin bandeji. Ta gyara ɗankwalinta, ta dubi wayar sosai, ta yi magana da ƙarfi yadda za a ji har kujerar baya a cocin Dadi.

"Na warke, Robert. Kai wa Dadi. Ƙafar nan ba za ta ƙara ciwo ba."